Ina neman hanyar burji ta hawan keke a kewayen Daura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, shi ya sa na koma wa kekena bayan sallar Asuba. Da farko titin Daura zuwa Katsina nake bi, amma tun ranar da wata babbar mota ta kusa tura ni cikin kwalbati na daina hawa kwalta.

Sai na koma burtalai da hanyoyin amalanke da ke ratsa gonaki ta wajen Sandamu. Wallahi wurin na da daɗi, yanzu da aka girbe gero ga karan a tsaye, ba ka jin komai sai kukan kurciya. To amma abu biyu sun hana ni sakat. Rairayi na haɗiye tayar gaba har sai na sauka na tura, sannan ga tsidau. Satin da ya wuce sau 4 ina zuwa wurin mai faci, tub ɗin baya duk ya zama faci kan faci.

Don Allah wa ya san hanya mai ƙasa tauri, ta burji ko marmara, kamar kilomita 15 zuwa 20, wadda mota ba ta cika bi? In da ɗan hawa da gangara ma na fi so. Ta wajen Dutsi ko madatsar ruwan Sabke akwai irinta, kuma lafiya lau ne mutum ya bi shi kaɗai da sassafe? Sannan wace irin taya ce tsidau ba ya hudawa?

Allah Ya saka da alheri.