Shawarwari Kan Tantance Ingancin Fim Daga Wani Zama a Daura

A wani zama da masu sha'awar harkar fim suka yi a Daura, an fi daɗewa kan finafinan tarihi da na rayuwar zahiri. Babbar shawara ita ce mai kallo ya lura da inda aka samo bayanai. Idan an ɗauko labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, wajibi ne a bambanta abin da aka gada a baka da abin da masana suka tabbatar, a kuma bar dattawa su kai ƙarshen zancensu ba tare da an datse shi ya sauya ma'ana ba. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin kiɗa mai sosa rai yakan lulluɓe raunin bincike.

A finafinan masu ƙaramin jari, an ce a fara auna sauti, tunda ana jure hoto mai dishi-dishi amma ba a jure maganar da ba ta fita.

Finafinan zane kuwa motsi ake dubawa. Sinima tana nuna hotuna 24 a daƙiƙa, masu zane sukan wadatu da 12, kuma hakan ba aibu ba ne muddin motsin baki ya dace da murya.