Neman kalmar Hausa: me za mu kira ELD da sauƙin da aka yi wa masu tsohon inji?

Jama'a, ina neman shawararku kan kalmomi biyu da suka tsaya mini yayin da nake rubutu kan dokar tuƙin manyan motoci a Amurka. Tun ranar 18 ga Disamba, 2017, hukumar FMCSA, mai kula da kiyaye haɗurran manyan motoci a ƙasar, ta wajabta wa mafi yawan direbobin tirela masu ƙetara jihohi amfani da ELD, na'urar da ake haɗawa da ƙwaƙwalwar inji (kwamfutar da ke sarrafa shi) domin ta riƙa rubuta lokacin da aka tayar da mota, da tsawon tafiyarta, da lokacin da ta tsaya. Da wannan ake tabbatar da cewa direba bai wuce awa 11 yana tuƙi ba a cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10.

Wani ya kawo mini "agogon direba", amma agogo nuna lokaci kawai yake yi, ba ya ajiye shaida. "Na'urar rajistar sa'o'in tuƙi" ta dace da ma'ana, sai dai ta yi wa baki nauyi. Ni na karkata ga "magatakardan tuƙi", domin aikin magatakarda ne ya zauna a gefe yana rubuta abin da ya gudana, a buɗe littafinsa ranar da aka bukata, kamar yadda jami'i yake tsayar da direba a bakin hanya ya nemi bayanan ranar da na kwana 7 da suka gabata.

Kalma ta biyu ce ta fi damuna. Dokar ta ɗauke wa motocin da aka ƙera injinsu kafin shekarar 2000 wajabcin ɗaura na'urar, saboda da yawansu ba su da ƙwaƙwalwar da za a haɗa ta da ita. Shekarar injin ake dubawa, shi ya sa sabon jiki mai ɗauke da injin 1999 yake shiga ciki. "Afuwa" ba ta dace ba, tun da mai tsohon inji bai yi laifi ba. "Sassauci" kuma zai sa mai karatu ya zaci an ƙara masa awannin tuƙi, alhali awa 11 ɗin tana nan a kansa, kuma dole ya ci gaba da rubuta awanninsa, misali a takarda da biro, yana jan layi a gidajen jadawalin da ke nuna hutu, barci, tuƙi da aiki.

Saboda haka nake ganin "rangwame" ta fi kusa, a ma'anar da malamanmu suke amfani da ita wajen taimama: salla ba ta faɗi a kan wanda ya rasa ruwa ba, hanyar tsarki ce aka sauya masa. Idan wani ya fi son "togaciya", ina so ya kawo ta cikin jimla, mu ji ko direba zai fahimce ta kamar yadda zai fahimci "rangwamen tsohon inji".