Kafin taya ta taɓa ƙasa

Ranar Asabar mun zauna a Kaduna da wasu tsofaffin matuƙa da ɗalibai biyu na kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, hira ta gangaro kan ƙananan jiragen da ke hatsari wajen sauka a filayen karkara.

Abin da aka fi nanatawa shi ne kada ka sauka sai ka zagaya filin ƙasa-ƙasa ka gani da idonka. Shanu na ratsawa, ruwan daren jiya ya mayar da jar ƙasa taɓo, birki kuma ba ya kamawa a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Inda babu tutar iska, hayaƙin girki zai nuna maka inda take kaɗawa, ka fuskance ta.

Wani dattijo ya daɗe kan zafin Afrilu: iska ba ta da kauri, jirgi sai ya ci fili fiye da yadda aka saba. A rage kaya, a yi sammako. In hazo ya rufe, a haƙura.

Shawarar da ta fi shiga raina: in ka cinye kashi ɗaya cikin uku na filin taya ba ta taɓa ƙasa ba, ƙara wuta ka sake zagayowa, ko fasinja zai yi tsaki.