Neman taimako a kan wani tsohon kaset na doom death daga Ingila

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wani kaset marar kwali da na samu cikin kayan gwanjo daga Ingila, wanda aka rubuta 1991 da biro a jikinsa. Kiɗan doom death ne, jita mai nauyi tana tafiya a hankali, mawaƙin yana gurnani, kuma akwai gogen Turawa a waƙa ta uku. Saboda gogen na zaci ƙungiyar mawaƙan nan My Dying Bride ce ta garin Bradford a Ingila, amma na saurari ayyukansu na farko da kamfanin Peaceville ya fitar, babu wanda ya dace, manhajar gano waƙoƙi ta Shazam ma ba ta gane shi ba. Ta yaya zan gano masu shi, tunda zaren ya fara lalacewa kuma ina tsoron sake kunna shi?