Muhawara: wa ya sari daji a Ross?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Jiya a wajen wata lacca mai jawabi ya ce wai sai bayan 1965, da aka sassauta dokar shige da fice, aka fara ganin Musulmi a karkarar Amurka. Na ɗaga hannu, ba a ba ni dama ba. To ga abin da na so in faɗa. A jihar Dakota ta Arewa akwai gundumar Mountrail, hedikwatarta Stanley. Yamma da Stanley kaɗan akwai ƙauyen Ross, mutanensa wajen ɗari. Tun wajen 1900 Musulmi 'yan Siriya suka sauka can, suka karɓi gonaki a ƙarƙashin dokar rabon ƙasa ta 1862 wadda shugaban Amurka Lincoln ya sa wa hannu: eka 160 ga duk wanda ya zauna ya noma ta shekara biyar. Suna sallar Juma'a a gidajen juna, har 1929 suka gina masallaci, rabinsa a cikin ƙasa saboda sanyi. Su ma sun sari daji kamar 'yan Norway da ke maƙwabtaka da su, amma ba mai ambatonsu. Wannan zalunci ne.

Ummu Hanifa: Allahu Akbar! Wallahi ban taɓa ji ba. Allah ya jiƙansu.

Malam Ɗanjuma: Amin. Amma Baban Khalifa, wane dajin suka sara? Wurin nan fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka. Rashin itace ne ma ya sa masu zuwa na farko suke yanko ƙasa mai saiwar ciyawa suna jerawa su yi ɗaki.

Baban Khalifa: Haba Malam, ai ka san abin da nake nufi. Wanda ya fara zama a wurin da babu kowa shi ake ce wa ya sari daji, ko da gatari bai taɓa ba.

Hajiya Mai Lissafi: To nan ne fa na tsaya. "Babu kowa" in ji wa? Ɗana, ka duba taswirar gundumar da kake magana a kanta. Kudancinta yana cikin keɓaɓɓen yankin Fort Berthold, na ƙabilun asali na Amurka, wato Mandan da Hidatsa da Arikara. Mutanen nan manoma ne a bakin kogin Missouri, suna shuka masara da wake da kabewa ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Lincoln. Agana ta 1837 ta kusa ƙarar da Mandan. A 1851 gwamnati ta yarda a rubuce cewa suna da ƙasa mai faɗi, sannan ta yi ta yankanta kaɗan-kaɗan. Gonar da aka ba Balarabe da wadda aka ba ɗan Norway, daga hannun wani aka fara karɓe su.

Baban Khalifa: Hajiya, da girmanki, Ross ba ta cikin wancan yankin. Tana arewa.

Hajiya Mai Lissafi: Iyakar yankin wa ya shata ta? Su ne ko gwamnati? Makiyayar ɓaunar da suke farauta ba ta san wannan layin ba.

Abu Sumayya: Ni abin da ke ba ni mamaki, duk lokacin da aka kawo abin alheri na Musulmi sai an samu mai tsamo aibi. Talakawa ne da suka gudo daga talauci da aikin soja na dole a ƙarƙashin Turkawa. Da yawansu da koli suka fara, jaka a baya, gida-gida cikin dusar ƙanƙara suna sayar da allura da zare. Su ne suka kori wani?

Hajiya Mai Lissafi: Ban ce sun kori kowa ba. Na ce kar a kira wurin daji.

Malam Ɗanjuma: Ni kuma na ce daji ba shi ne kufai ba, kufai ba shi ne saura ba. In gona ta huta ba a ce babu mai ita. Ko a nan gida, burtalin da Fulani ke bi, in mutum ya nome shi ba ma cewa ya sari daji.

Ɗan Sabon Gari: Malam don Allah kar a shigo da maganar burtali nan, ka san inda za ta kai mu.

Jauro: A'a, a bar shi ya faɗa. Gaskiya ya faɗa.

Ɗan Sabon Gari: Ka gani ko? An fara.

Injiniya Bala: Ku yi haƙuri, akwai gyara tun daga sama. Ba 'yan Siriya ba ne. Daga kwarin Biƙa suka fito, kuma Biƙa a Labanan take. 'Yan'uwan Kwarorin da muka sani a Kano ne, zamanin ƙaurarsu ma kusan ɗaya.

Baban Khalifa: Injiniya, a lokacin da suka taso babu ƙasa mai suna Labanan. Duk Sham ce a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Sai 1920 Faransa ta shata Labanan, ta samu 'yanci a 1943. Su kansu 'yan Siriya suke kiran kansu.

Injiniya Bala: Jikokinsu fa, me suke kiran kansu?

Baban Khalifa: Sai ka je ka tambaye su.

Injiniya Bala: Kai da ka kawo labarin ka je?

Baban Khalifa: Sai mutum ya je Badar zai ba da labarin Badar?

Ummu Hanifa: Yayyena, don Allah a sassauta. Ni tambayata, masallacin yana nan har yanzu?

Baban Khalifa: Na ainihin an rushe shi a shekarun 1970, bayan jama'ar ta watse. Farin shekarun 1930 ya kori da yawa, wasu suka koma birane, wasu suka yi auratayya da maƙwabta. A 2005 zuriyarsu suka gina wani ɗan ƙarami mai ƙubba kusa da maƙabartar Musulmi da ke wurin. Ana cewa na ainihin ne masallaci na farko a Amurka.

Abu Sumayya: Na farko? Ni na Cedar Rapids a jihar Iowa na sani, na 1934, wanda suke kira uwar masallatai.

Injiniya Bala: 1929 ai ta riga 1934, wannan ba ya buƙatar gardama. Na Iowa ya yi suna ne don shi bai rushe ba. Amma ku duka kun manta da na Highland Park a Michigan, 1921.

Malam Ɗanjuma: Kuma ku duka ukun kun manta da namu. Kafin Balarabe ko ɗaya ya karɓi gona, akwai Musulmin Afirka ta Yamma da aka kai cikin sarƙa. Umar bin Sa'id ɗan Futa Toro ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Carolina ta Arewa. Bilali Muhammad yana tsibirin Sapelo a Jojiya. Su ba a ba su eka 160 ba, gonar wani suka noma kyauta. Kana kukan an manta da Larabawa, kai ma ga waɗanda ka manta.

Baban Khalifa: Malam, ni maganar gunduma ɗaya nake yi. Ba a kai bayi Mountrail ba.

Hajiya Mai Lissafi: To mu tsaya a gundumar. Garin New Town da ke cikinta, me ya sa aka kafa shi a farkon shekarun 1950? Saboda madatsar ruwa ta Garrison. Ruwa ya cinye garuruwan Sanish da Van Hook, ya cinye fiye da eka 150,000 na ƙabilun nan uku, fadamarsu mafi albarka. Akwai hoton 1948, shugabansu George Gillette ya rufe fuska yana kuka ana sa hannu a takardar. Duk wanda ya ga hoton nan ba zai ƙara cewa babu kowa ba. Yanzu kuma tun da aka samu man fetur a yankin Parshall na gundumar a 2006, kowa ya san darajar ƙasar.

Abu Sumayya: Hajiya, kin fi jin zafin waɗanda ba Musulmi ba a kan 'yan'uwanki.

Hajiya Mai Lissafi: Ka janye wannan maganar. Na haifi kamarka. Addinin da nake bi bai ce in yi shiru a kan ƙwacen ƙasa don mai ita ba ya salla ba.

Jauro: Abu Sumayya, ka ba ta haƙuri.

Abu Sumayya: Ban zage ta ba.

Ɗan Sabon Gari: Shekaranjiya ma haka ka yi wa Injiniya a maganar kuɗin makaranta, aka ƙyale ka.

Injiniya Bala: Ni na yafe, amma ban manta ba.

Alhaji Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai daga sama, ga taƙaitawa. Baban Khalifa ya kawo mana tarihi mai amfani, kuma babu wanda ya iya ƙaryata shi: Musulmi suna noma a Ross tun wajen 1900, sun gina masallaci a 1929, mai laccar nan ya yi kuskure babba. Mutanen da suka jure wannan sanyi, suka riƙe salla a inda babu ladan babu liman na dindindin, ni a wurina sun sari daji, kuma ina ganin yawancinmu a kan haka muke. Maganar ƙabilun asali da Hajiya ta kawo da ta bayi da Malam Ɗanjuma ya kawo wani babi ne daban, mai so ya buɗe masa nasa wuri. Gardamar Siriya da Labanan ɓata lokaci ce. Abu Sumayya kishin addini ne ya ɗebe shi, Hajiya ki yi haƙuri irin na manya. Baban Khalifa, ka rubuto bayanin nan a tsare ka aika wa masu shirya laccar, ni zan sa hannu a madadin zaure. Na rufe wannan magana, duk wanda ya ƙara rubutu a kanta zan goge.