Neman kalmar Hausa: me za mu kira neuroprotection a wajen bakwaini?

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimako, ina fassara wata hira ce da za mu sa a shirin lafiya na rediyo ranar bakwaini ta duniya, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya tun shekaran jiya: neuroprotection. Abin da likitan ke nufi shi ne duk wani abu da za a yi don kada ƙwaƙwalwar jaririn da aka haifa kafin sati 37 ta samu rauni, musamman waɗanda ba su kai sati 32 ba, su ne jijiyoyin jinin cikin kansu ba su yi ƙwari ba, abu kaɗan sai jini ya ɓalle a ciki, yaro ya rayu amma ya taso wuya bai tsaya ba, ba zama ba tafiya. Misalin da ya fi nanatawa allurar maganiziyam salfet ce da ake wa uwa in naƙuda ta taso da wuri. Na rubuta "rigakafin ƙwaƙwalwa" na goge, na rubuta "garkuwar ƙwaƙwalwa" na goge. Malaman Hausa da ma'aikatan asibiti, ga wuƙa ga nama.

Wata sista ta ɗakin haihuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Gara da ka goge rigakafi wallahi. Kana cewa rigakafi matan za su ɗauka allurar BCG ce ko ɗigon shan inna, wata ma ce maka za ta yi ai an riga an yi mata a awo. Ga shi har yau akwai gidajen da kalmar kaɗai ta isa maigida ya ce bai yarda ba, tun rikicin rigakafin shan inna na 2003. Ita wannan allurar maganiziyam ɗin mun santa sarai, ita ce dai ta jijjiga, wadda mace ke cewa jikinta ya ɗau zafi in ana yi mata. Mu "allurar jijjiga" muke ce mata, shi ya sa in ka zo yi wa wadda jininta bai hau ba sai dangi su tsare ka da tambaya.

Wani ɗan jarida:
Garkuwar ƙwaƙwalwa kuma? Yallaɓai a wannan zamanin ka ce garkuwa a rediyo ai mai sauraro kuɗin fansa zai fara lissafawa 😂 Ban da haka ma garkuwar jiki ta riga ta zauna a wani wurin, kowa ya san ta tun lokacin wayar da kai kan ƙanjamau. Ni dai kariyar ƙwaƙwalwa kawai, a wuce wurin.

Mai tambaya:
Na yi tunanin kariya, kuma ita ce ta fi sauƙi. Abin da ya hana ni, hular kwano ta ɗan acaɓa ma kariyar ƙwaƙwalwa ce. Ina son kalmar da za ta nuna an riga an hango ɓarna na zuwa aka tare ta tun ba ta iso ba.

Wata likitar yara:
Malam wannan da ka faɗa shi ne zuciyar maganar, bari in ɗan tsawaita ku yi haƙuri. Ba magani ba ne da ake ba yaro bayan abu ya faru, yawanci ma uwar ake wa tun yana ciki. Gwajin maganiziyam ɗin na farko mai girma a Ostareliya da Niyu Zilan aka yi, ya fito a 2003, na Amurka ya biyo baya a 2008, sai a 2009 aka tattara gwaje-gwaje 5 masu jarirai sama da 6,000 aka ga cewa in an yi wa mata 63 allurar, yaro 1 zai tsira daga wannan shanyewar da muke kira cerebral palsy. Wani zai ce 63 don 1 kawai? Amma maganin araha ne kuma yana nan a akwatin kowane ɗakin haihuwa da ke aiki yadda ya kamata, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa na goye da yaro ɗan shekara 7 ba zai raina 1 ɗin nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta a 2015, ga wadda za ta haihu kafin sati 32. Sannan ba shi kaɗai ba ne, akwai sinadarin kafeyin da ake ba jariran da ke mance numfashi, wani babban gwaji da aka jagoranta daga Kanada ya nuna a 2007 cewa shanyewar ta sauko daga wajen kashi 7 zuwa wajen kashi 4 cikin 100. Eh shi ne dai na cikin goro, amma dan Allah kar wata kaka ta ji wannan ta tauna goro ta ɗura wa jariri, awo ne da shi na musamman. To kalmar da za ku zaɓa sai ta ɗauki duka waɗannan, kar ku ɗaure ta da allura.

Wata uwa:
Likita Allah ya saka. Ni dai abin da zan ce, ku yi hankali da ita kanta ƙwaƙwalwar. Nawa sati 31 aka haife shi, kwana 19 muka yi yana kwalba, ranar da wani ma'aikaci ya ce min "muna duba ƙwaƙwalwarsa" ban runtsa ba, don ni a sanina mai matsalar ƙwaƙwalwa mahaukaci ne, kuma ba wanda ya tsaya ya min bayani sai washegari. Surukata har ta fara zancen a koma gida a nemi na gargajiya. Alhamdulillah yanzu yana aji 2.

Malamin Hausa:
Hajiya Allah ya raya mana shi. Maganarki gaskiya ce amma ba yadda za mu yi da ƙwaƙwalwa, in muka gudu zuwa jijiya mun faɗa rami, don Bahaushe jijiya ɗaya gare shi, ta jini jijiya, ta motsi jijiya, ta agara ma jijiya. Laka kuma ta gadon baya ce. Wani ya rubuto min "tsari" ta saƙo, na ce a'a, tsarin ƙwaƙwalwa ko dai a ji yadda aka shirya ta ko a ji laya da guru. Ga tawa: KANDAGARKI. Kandagarkin ƙwaƙwalwa. Kalma ce ta gado, ma'anarta tare abu kafin ya iso, kuma ba ta da wani laƙabi da ya manne mata a asibiti kamar rigakafi.

Wani ɗan jarida:
Malam ta yi nauyi a baki fa, kandagarkin ƙwaƙwalwar bakwaini, kafin ka gama faɗa an kai ƙarshen labarai. Kuma yaran yanzu nawa suka santa?

Wani daga Damagaram:
Mu nan an santa, dattawa na faɗi. Mu namu likitocin da Faransanci suke zuwa da ita, kuma kalmar kusan iri ɗaya ce da ta Ingilishin, ba wanda ke ganewa. Ni na yarda da ta Malam. Amma ina da tambaya, shi kansa bakwaini fa? Wanda aka haifa wata 6 ko wata 8 shi ma bakwaini ne?

Malamin Hausa:
Bakwaini ne mana. Daga bakwai ta fito amma ta daɗe da faɗaɗa, kamar yadda muke cewa kwalba alhali akwati ne mai ɗumi. Kar a taɓa ta.

Wata likitar yara:
Na goyi bayan a bar bakwaini, sai dai Malam mai shiri ka samu minti ɗaya ka kashe maganar nan ta tsofaffi wai ɗan wata 7 ya fi ɗan wata 8 rayuwa. Ba haka ba ne sam, duk satin da yaro ya ƙara a ciki riba ce ga huhunsa da ƙwaƙwalwarsa. Kandagarki kuma ta min, don har allurar deksametazon da ake wa uwa don huhun yaro ya nuna za ta shige ciki, ita ma tana rage ɓallewar jini a cikin kan jariri. Wannan ma da matanmu aka gwada ta, Najeriya na cikin ƙasashe 5 na gwajin da ya fito a 2020, tare da Indiya, Pakistan, Bangaladash da Kenya.

Mai tambaya:
To jama'a na gode ƙwarai. Abin da zan yi, a rubuce da kuma kanun shiri kandagarkin ƙwaƙwalwa, amma karon farko da za a ambata sai an bi ta da bayani a kan maganar Hajiya, wato tare raunin da ke hana yaro zama da tafiya da magana, ba zancen hauka ake ba. Ɗan jarida in bakinka ya gaji ka ce kariya, ba mu hana ba. Saura ɗaya tun da kuna kusa: kangaroo mother care, ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka faro a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Kakata ba ta san wata dabba kangaru ba.

Wata sista ta ɗakin haihuwa:
Wannan ai mun daɗe da gamawa da shi a wajen aiki Malam, goyon ƙirji muke cewa. Sai dai ka ƙara da "ba riga a tsakani", in ba haka ba za ka tarar an naɗe shi da zani uku da hula da safa sannan aka ɗaura.