Juyo, juya, jona: sunayen kai-kawon bayanai a Access

Jama'a, masu koyar da kwamfuta da Hausa sun daɗe suna karo da maɓallai uku a cikin Microsoft Access, manhajar adana bayanai a tebura, a ƙarƙashin shafin External Data: Import da Export da Link. Yawanci ana cewa "shigo da" da "fitar da", na ukun kuma a bar shi babu suna. Ni dai ban gamsu ba.

"Shigo da" da "fitar da" daga bakin 'yan kwastan muka aro su. Buhun riɗin da aka fitar ta tashar Apapa ya bar ƙasar ke nan, ba za ka koma sito ka tarar da shi ba. Shi kuwa Access, in ka sa shi ya kai teburin ɗalibai Excel, ko layi ɗaya ba ya raguwa a rumbun bayanan. Kwafi yake yi, ya sauya masa kama yadda ɗaya manhajar za ta iya karantawa. Mai koyo da aka ce wa "fitar da" yakan ji tsoron taɓa maɓallin, yana zaton zai kwashe aikin ofis duka.

Wani ɗan uwa ya ce a ɗauki "tura" da "turo", tunda su masu sa waƙoƙi a waya ke faɗa, kuma kowa ya san abin da aka tura bai bar wayar mai shi ba. Malam, rabin maganarka ta zauna. Matsalar tana wurin "turo": wanda ke can ne yake turowa, alhali a Access kai da ke nan ne kake miƙa hannu ka ɗauko. "Kwafo" ma na duba ta, sai dai kwafi ya riga ya zama sunan wani maɓallin daban.

Abin da nake ba da shawara shi ne "juya". Tun zamanin alƙalami da tawada, wanda ya zauna ya rubuta littafin malaminsa a sabuwar takarda cewa ake ya juyi littafin, na asali kuma yana nan wurin mai shi. Kalmar kuma tana ɗauke da sauya kama, kamar yadda ake juya magana daga Larabci zuwa Hausa. Ga Hausa ta hutar da mu wajen nuna inda aka dosa: "Juya zuwa Excel", "Juyo daga Excel". Wasalin ƙarshe kaɗai ya raba su.

Sauya kamar nan ita ce wurin da ake yin ɓarna, shi ya sa nake son a ji ta a cikin sunan. Ɗauki fayil ɗin CSV, wanda rubutu ne zalla, waƙafi na raba gurbi da gurbi. Lambar wayar Najeriya mai alƙaluma 11 da sifiri take farawa. Buɗe fayil ɗin kai tsaye a Excel, sai ya ɗauke ta adadi ne na lissafi, ya yar da sifirin. A Access ma haka za ta faru in ba ka gaya masa gurbin na rubutu ne ba lokacin juyowa. Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: in aka juya su da tsohon tsarin adana haruffa na Windows-1252, wanda ba shi da su, sai Ɗanjuma ya iso da alamar tambaya a goshinsa. Tsarin UTF-8, wanda ke da su, za ka zaɓa. Kwanan wata kuma, 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta 4 ga Maris ba tare da ta yi ƙorafi ba.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram suna da tasu ƙarin wahala. Kwamfutar da ke kan tsarin Faransanci da waƙafi take rubuta ɓangaren adadi, saboda haka Excel ɗinta da waƙafi mai ruwa yake raba gurabe. Fayil ɗin ya zo Kano, sai komai ya cushe a gurbi ɗaya. Wanda ya san juyi yake yi zai tsaya ya gwada da na asali, kamar yadda almajiri ke yi bayan ya gama rubutu.

Na ukun, wato Link, shi ne babu juyi a cikinsa ko kaɗan. Bayanan suna zaune a inda suke, Access yana hango su ne ta hanyar da aka buɗe masa. Wannan "jona" ce. Wasu sun ce "haɗa", amma haɗa tana iya nufin cakuɗa teburi biyu su zama ɗaya. Jona kuwa kowa ya san in aka zare, aiki ya tsaya, kuma haka abin yake: ka sauya wa fayil ɗin suna ko mazauni, teburin ya ƙi buɗewa sai ka sake nuna masa hanya. Teburin Excel da aka jona ana karanta shi daga Access, ba a gyara shi daga can, sai an koma Excel. Ofisoshi kan jona ne don fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, sai a mayar da bayanan babban rumbu irin SQL Server ko MySQL, a bar wa Access fom da rahoto.

Hattara da "juye". Ita kan bar mazubi wayam, don haka a ajiye ta wa aikin da ke kwashe bayanai ya goge na asali.

Saura guda da ban yanke ba. Jonawa da waɗancan manyan rumbuna ta ODBC take bi, tsarin sada manhajoji da rumbunan bayanai da Microsoft ya fitar a 1992, shekarar da Access ɗin kansa ya fito. Kowane rumbu yana da 'yar manhajar da ke karɓar tambayar Access ta mayar da ita yadda rumbun zai gane. Masu gyaran kwamfuta "direba" suke ce mata. Aikinta dai na tafinta ne, kuma na fi son "tafinta", amma direba ta riga ta kama baki a wurin firinta da sauran na'urori. Malamai masu koyarwa, wacce ɗalibanku suka fi saurin kamawa?